Kaprese: Tumatir da Ɗanyen Cuku, Girkin da Ba a Hura Masa Wuta

A gidajen Italiya, idan za a zauna cin abinci na sosai, ba da taliya ake farawa ba. Akwai ɗan abin taɓawa da ake fara ajiyewa a tebur domin ya tayar da sha'awar ci, suna ce masa antipasto, wato abin da ke zuwa gabanin abinci. A cikin ire-irensa da wuya a sami wanda ya zaga duniya kamar kaprese: yankakken tumatir, da farin cuku mai laushi da ake kira mozarela, da ganyen basiliko, da man zaitun, da gishiri. Abu biyar ke nan. Ba a ɗora tukunya, ba a kunna murhu, kuma wanda hannunsa ya saba zai jera shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Shi ya sa kowa ke ce masa mai sauƙi, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai sauƙin nasa yana da tarko. Mai miya idan ta yi rashin sa'ar tumatir, tana da wuta da albasa da daddawa da sa'a guda cur da za ta gyara ɓarnar kasuwa. Mai kaprese ba ta da ko ɗaya daga ciki. Abin da ta sayo shi za a ci, a yadda ta yanka shi, da irin sanyin da ya iso tebur da shi. Maganar da nake son kafawa ita ce, da zarar an zaɓi kaya na kirki, aikin da ya rage bai wuce sarrafa abu biyu ba, ruwa da sanyi. Kusan duk kapresen da ya lalace, ɗayan biyun nan ne ya lalata shi, kuma ƙara masa kayan haɗi ba ya gyara shi.

Sunan ya samo asali ne daga Kapri, wani ɗan tsibiri da ke bakin tekun Napoli, a yankin Kampaniya na kudancin Italiya. Duk da yadda ake ɗaukarsa tamkar tsohon gado, haɗin bai tsufa ba. Tumatir baƙo ne a Turai, daga nahiyar Amurka aka kai shi a ƙarni na 16. Masanin tsirrai Pietro Andrea Mattioli ya siffanta shi a 1544, amma an daɗe ana yi masa kallon tsoro kafin a sake da shi a kicin, sai a ƙarshen ƙarni na 17 littafin girki na Antonio Latini, wanda aka fara bugawa a Napoli a 1692, ya kawo yadda ake miya da shi. Ita kuwa kalmar mozarela ta bayyana a littafin Bartolomeo Scappi, kukun fadar Paparoma, tun 1570. Haɗa su ɗanyu a faranti guda da sunan Kapri al'ada ce ta ƙarni na 20, kuma ta bunƙasa ne lokacin da tsibirin ya zama matattarar masu yawon shaƙatawa. Ana yawan cewa launukansa uku, kore da fari da ja, su ne na tutar ƙasar. Abin lura a tarihin nan shi ne inda abincin ya taso: wuri ne da ake murza cuku da asuba a ci shi da azahar, tumatir kuma daga gonar da ke kusa ake tsinko shi lokacin bazararsu. Mutanen can ba su buƙaci a koya musu yadda za su kare kayan daga firij ba, domin kayan ba sa shiga firij. Wanda ke nesa da Kampaniya shi ne dole ya maye gurbin wannan gata da lura.

Sai an san yadda ake yin mozarela za a gane dalilin da ya sa take da rigima. Ana daskarar da madara da wani sinadari da aka saba samu daga tumbin ɗan maraƙi, a farfasa daskararren, a bar shi cikin ruwansa na wasu sa'o'i har ya ɗan yi tsami. Daga nan sai a zuba masa ruwan da ya kusa tafasa, a riƙa juyawa ana ja har ya zama kamar alewar da ake miƙawa, sannan a tsinke shi da yatsu dunƙule-dunƙule a jefa cikin ruwan sanyi. Daga wannan tsinkewa sunan ya fito, domin mozzare a harshensu yankewa ce. Jan da ake yi shi ke jera naman cukun zare-zare, kuma tsakanin zaren nan ruwa da kitse ne a maƙale. Fiye da rabin nauyin dunƙulen ruwa ne. Wadda ta fi daraja ita ce ta nonon ɓauna, amma ba ɓaunar dajin Afirka ba, wata ce ta gida mai son fadama da ake kiwo musamman a lardunan Kaserta da Salerno. Kitsen nononta ya kai kusan ninki biyu na na saniya. Tun 1996 Tarayyar Turai ta ba Mozzarella di Bufala Campana kariyar suna, ta yadda ba a yarda a sa wa wani cuku wannan suna ba sai an yi shi a yankin da aka ƙayyade, da nonon da bai wuce sa'o'i 60 da tatsowa ba. Ta nonon saniya kuma suna ce mata fior di latte, wato furen madara. Ta fi araha, ta fi tauri kaɗan, ruwanta bai kai na ta ɓauna ba, kuma ta wadatar ƙwarai a wannan aiki.

Abin da ba zai yi ba shi ne cukun nan mai kama da sabulun sanda, ko wanda aka gurza aka zuba a leda, ko da an rubuta mozarela a jikinsa. Wannan an tsotse ruwansa da gangan domin ya narke a kan fiza ba tare da ya jiƙa ta ba. A wuta yana da amfani, amma a ɗanye kamar roba yake a baki. Alamar wanda ake nema ɗaya ce: dunƙule ne fari fat, yana iyo cikin ruwa a leda ko roba, yawanci mai nauyin giram 125. A duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan ledar ta kumbura, ko fatar dunƙulen ta yi yauƙi tana saɓulewa, ko yana warin tsami mai hawa kai, a bar wa mai kanti kayansa. Mai juna biyu kuma ta tabbatar an rubuta cewa da madarar da aka dafa aka yi shi.

Tumatir shi ne rabin farantin, kuma a wajen zaɓensa aka fi yin sakaci. A Kampaniya ba a cika yin kaprese da tumatir irin San Marzano ba, duk da sunan da ya yi, domin shi dogo ne mai ƙarancin ruwa, na miya da gwangwani. Manya masu nama ake nema, irin na Sorrento mai launin ja-ja, ko wanda suke kira zuciyar sa saboda siffarsa. Wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin abin da ke cika kwanduna daga Kadawa da sauran gonakin rani dogo ne mai taurin fata, irin Roma da UTC, wanda aka zaɓa saboda ya jure doguwar tafiya a mota kuma ya yi kauri a tukunya. Ba a ce ba zai yi ba, amma sai an bar shi ya nuna sarai. Hanci ya fi ido sanin tumatir: a shinshina gindinsa, wurin da ya rabu da reshe, idan babu ƙamshin ganyen tumatir a nan, to babu ɗanɗano a ciki. A ɗauke shi a tafin hannu, ya zama ya fi girmansa nauyi, ya ɗan saki idan an danna amma bai lotsa ba. Wanda ya fashe ko ya yi tabo a tura shi miya, domin abin da za a ci ɗanye ba a yi masa rangwame. Idan bai gama nuna ba, a kife shi a inuwa kwana biyu, ko a sa shi a jakar takarda tare da ayaba, domin iskar da ayaba ke fitarwa tana gaggauta nunar. Lokacin da babban tumatir ya yi wuya ko ya yi lami, kamar tsakiyar damina, ƙananan nan masu kama da inabi sun fi riƙe zaƙinsu, kuma gara su da babba marar ɗanɗano.

Yanzu ga maganar sanyi. Tumatir ɗan ƙasar zafi ne, kuma idan ya daɗe a ƙasa da digiri 12 sai ya fara rasa ƙamshi. Wani bincike da Harry Klee na Jami'ar Florida da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna yadda abin ke faruwa. Sun ajiye tumatir a digiri 5, suka ga bayan mako guda sukari da tsamin cikinsa ba su canza sosai ba, amma sinadaran da ke tashi zuwa hanci sun ragu ƙwarai, kuma ko da aka mayar da shi wurin ɗumi ba duka suka dawo ba. Abin da muke kira ɗanɗanon tumatir kuwa yawancinsa ƙamshi ne. Za a iya cewa wannan shawara ta mutanen da ɗakin girkinsu ke digiri 20 ce, alhali a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai nunannen tumatir ba ya kwana biyu a waje sai ya ruɓe. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma amsarta tana cikin binciken kansa, domin ɓarnar ta fi bayyana ne a doguwar ajiya, ta kwana ɗaya zuwa uku ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka ƙa'idar ba wai an haramta firij ba ce. Wanda bai nuna ba kada ya shiga sam, domin sanyi zai tsayar da shi a inda yake. Wanda ya nuna sarai, idan zafi ya matsa, ya shiga na kwana ɗaya ko biyu, a fito da shi aƙalla sa'a guda kafin a yanka. Mafi alheri dai a saya ranar da za a ci. Ita ma mozarela haka take: sanyi yana daskarar da kitsenta, zarenta ya ƙanƙance, ta zama ba ta da ɗanɗanon komai. A fito da ita rabin sa'a kafin lokaci, ko a tsoma ledar a rufe cikin ruwa mai ɗumin jiki na minti goma. Wanda ya ɗanɗana yanka ɗaya da sanyinsa, ya sake ɗanɗana wani bayan ya huce, ba zai ƙara neman hujja ba.

Ga mutum huɗu, ana buƙatar tumatir rabin kilo, wato manya uku ko huɗu, da mozarela giram 250, da ganyen basiliko goma ko goma sha biyu, da man zaitun babban cokali uku, da gishiri kamar rabin ƙaramin cokali. Tun da ba wutar da za ta kashe ƙwayar cuta, a wanke tumatir da ganyen da ruwan da aka amince a sha, a tsane su sarai, a kuma yi amfani da katakon yanka da bai taɓa ɗanyen nama ba. Wuƙar ta zama mai kaifi, ko mai haƙora irin ta burodi, domin dakusasshiya matse tumatir take yi, ruwan da ya kamata ya kai baki ya ƙare a katako. A ƙwaƙule gindin, a yanka a kwance, fala-fala, kaurin kowane kamar santimita ɗaya. Yanka siriri ya fi kyau a hoto amma yana narkewa cikin minti biyar. Sai a shimfiɗa yankan a faranti ko a kan rariya, a barbaɗa gishiri ta sama, a bar shi minti goma zuwa sha biyar. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane tasiri. Kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Gishiri yana jawo wani sashe nasa waje, abin da ya rage ya ƙara ƙarfin ɗanɗano, kuma gishirin ya sami lokacin shiga cikin nama maimakon ya tsaya a kan mai. Idan sai a ƙarshe aka barbaɗa, ruwan zai fito ne a kan tebur, a gaban baƙi, ya haɗu da farin ruwan cuku su zama kududdufi mai launin da ba ya ba kowa sha'awa.

Akwai masu ganin wannan asara ce, suna cewa ruwan tumatir ai ɗanɗano ne, don me za a kore shi? Suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Reading ta Ingila, aka wallafa a 2007, ya gano cewa yauƙin da ke kewaye da 'ya'yan tumatir ya fi namansa yawan gulutamet nesa ba kusa ba, kuma gulutamet shi ne abin da ke ba farin magi daɗinsa. Ke nan masu ƙwaƙule cikin tumatir su zubar don gudun ruwa, suna zubar da mafi daɗin abin da suka saya. Kada a cire 'ya'yan. Shi ma ruwan da gishiri ya fitar ba zubarwa za a yi ba, a tara shi a ɗan kofi, a ɗebi cokali ɗaya ko biyu a kaɗa da man zaitun, shi ne zai zama romon farantin. Bambancin shi ne mai girki ce ta yanke yawan ruwan da zai koma, ba ruwan ne ya yanke wa kansa ba. Haka za a yi wa cukun: a tsame shi daga ruwansa, a yanka daidai kaurin tumatir, a jera a kan tsumma mai tsabta na minti biyar zuwa goma. Mozarelar ɓauna ta fi zubar da ruwa, kuma da yawa sun fi son yaga ta da hannu, domin yagaggen gefe ya fi riƙe mai da gishiri. Ba a matse ta, ba a kuma yi mata gishiri da wuri, sai ɗan kaɗan daf da ci idan an ɗanɗana an ji tana buƙata.

Basiliko ɗan'uwan ɗaɗɗoya ne, dangi ɗaya suke, sai dai ganyensa ya fi laushi, ƙamshinsa kuma ya fi sanyi da zaƙi. Shi ma maƙiyinsa sanyi ne, a firij baƙi yake yi. A tsoma reshensa a kofin ruwa kamar fure, a ajiye a inuwa. Yana kuma baƙi a duk inda aka ƙuje shi, saboda haka ba a yanka shi da wuri, ana yaga manyan ganye da yatsu lokacin da za a kai faranti, ƙanana a bar su yadda suke. Busasshen basiliko na kwalba ba ya maye gurbin ɗanye, ƙamshinsa ya riga ya tafi. Wanda bai samu ba yana iya sa ɗaɗɗoyarmu, amma rabin adadin, kuma 'yan ƙananan ganyen saman reshe, domin tana da ƙarfin da zai danne cuku. Shukar dai tana son rana da zafi, kuma tana yi a tukunyar ƙasa a tsakar gida.

Man zaitun a nan ba na suya ba ne, shi ne miyar gaba ɗaya, don haka a nemi wanda aka rubuta extra vergine a kwalbarsa, wato tatsar farko da aka yi ba tare da sinadari ba, wanda doka ta ce tsaminsa kada ya wuce 0.8 cikin 100. Mai kyau yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, yana ɗan ɗaci, yana kuma ɗan kartar maƙogwaro, kuma wannan kartar alamar sabunta ce. Wanda ke warin tsohuwar gyaɗa ya lalace. A guji wanda aka tatso daga tuƙar zaitun da sinadari, a kuma guji kwalbar da ta sha rana a kan teburin mai kaya, domin haske da zafi ne ke tsufar da mai. A nan ne wata gardama ke tasowa. A gidajen abinci da yawa a wajen Italiya ana zane farantin da baƙin ruwan khal mai kauri da ake kira balsamiko, har wasu na ganin kaprese bai cika ba sai da shi. Balsamiko na Modena da Reggio Emilia ne, can arewa, nesa da Kapri, kuma na gargajiyarsa sai ya shekara aƙalla 12 a ganga, yana da tsadar da ba a kwarara shi. Abin da ake zubawa a yawancin wurare kwaikwayo ne da aka kaurara da sukari. Amma ko a bar maganar asali, hujjar ɗanɗano ta isa. Nunannen tumatir yana da tsaminsa da zaƙinsa, mozarela kuma ɗanɗanonta na madara ne mai rauni, abu kaɗan ke binne shi. Khal yana rufe cukun, yana dafa ganyen ya yi duhu, yana ƙara jawo ruwa. Inda nake ba masu wannan ra'ayi gaskiya shi ne idan tumatir ɗin lami ne, digo biyu na khal ko lemun tsami a kan tumatir kaɗai, tun lokacin gishiri, yana ɗan farfaɗo da shi. Wannan magani ne ga marar lafiya, ba a ba mai lafiya. Masoro kaɗan ba laifi, kuma a Kampaniya akwai masu barbaɗa busasshen ganyen oregano, wanda shi yana jure bushewa.

Jerawar ba ta da wuya. A sami faranti mai faɗi, ba kwano mai zurfi ba, domin a kwano na ƙasa nutsewa yake yi. Farantin kada ya fito daga firij. A jera yankan tumatir, a ɗora na cuku ya hau rabinsa, a sake tumatir, haka har a zagaye, a soka ganye a tsakani. Wanda ya yaga cukunsa sai ya shimfiɗa tumatir ya warwatsa cukun a kai, daɗin ɗaya ne. A kwarara man a siririn zare ya taɓa kowane yanka, a ɗanɗana guda, a gyara gishiri. Ba a juyawa kamar kwaɗo. Daga zuba mai zuwa kai wa tebur kada a wuce minti biyar, domin daga wannan lokaci kowane minti ruwa yake ƙarawa. Duk abin da za a iya yi da wuri, wanki da fito da kaya su huce da yi wa tumatir gishiri, a yi shi da wuri. Haɗawar ce kaɗai ba ta jira.

Saura babbar tambaya: wanda ba ya kusa da kantin da ke sayar da mozarela mai ruwa fa, ko ya ga kuɗinta ya wuce hankali? Masu tsattsauran ra'ayi za su ce in babu mozarela babu kaprese, kuma ta fuskar suna ba su yi kuskure ba. Amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma abin da farantin ke nema shi ne farin cuku sabo, mai laushi, marar tsami, wanda zai kwantar da kaifin tumatir. Cukun da matan Fulani ke yi da sabuwar madara da ruwan tumfafiya, wanda ake kira wara a ƙasar Yarbawa, wagashi a Benin da Gana, ya cika yawancin sharuɗɗan nan. Ba ya miƙewa zare-zare domin ba a barinsa ya yi tsami a ja shi, kitsensa kuma bai kai ba, saboda haka yana son ƙarin mai da gishiri. A saye shi na ranar, a tafasa shi minti kaɗan a ruwan gishiri saboda hannuwan da ya bi, a bar shi ya huce, kada a soya. Busasshen cukun Abzin mai faɗi kamar takarda ba na wannan aiki ba ne, haka ma awarar waken suya. Ana kuma iya yin wani a gida: a ɗora madara mai cikakken kitse lita ɗaya, ta yi zafi har ta fara ƙananan kumfa a gefe, a sauke, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali biyu zuwa uku, a juya sau ɗaya a bar ta minti goma, a tace a farin ƙyalle na rabin sa'a, a sa gishiri. Abin da zai fito ba ya yankuwa fala-fala, ya fi kama da cuku mai laushi da ake kira rikota, kuma wurinsa a kan burusketa ne: a gasa yankan burodi a kan garwashi har ya yi ƙaras-ƙaras, a goga masa ɗanyar tafarnuwa da zafinsa, a shafa cukun, a ɗora tumatir da aka yanka ƙanana aka yi wa gishiri aka tsane, a ɗiga mai. A nan tsanewar ta fi zama wajibi, domin jiƙaƙƙen burodi ba ya komawa.

Idan taro ne, inda faranti zai daɗe ana kaiwa da komowa, yankakken kaprese ba zai jure ba, kuma dabarar ita ce a rage yankan. Ana sayar da ƙananan dunƙulen mozarela, masu girman ƙwai ana ce musu bocconcini, wato 'yan loma, akwai kuma waɗanda ba su wuce girman ƙaramin tumatir ba. A soka ƙaramin tumatir guda a tsinke, sai ganye a naɗe, sai dunƙulen cuku. Fatar tumatir da ba a yanka ba tana riƙe ruwanta, saboda haka ana iya jera tsinkayen sa'a guda kafin baƙi su iso, a rufe, a bar mai da gishiri sai an zo ɗauka. Amma ɗanyen cuku abinci ne mai saurin lalacewa. Ƙa'idar masu kula da tsabtar abinci ita ce kada irinsa ya wuce sa'a biyu a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, sa'a ɗaya, kuma lokacin da aka ba shi ya huce yana cikin lissafin. Gara a riƙa fito da shi kashi-kashi. Akwai kuma burrata, ta garin Andria a yankin Puglia, wadda jaka ce ta mozarela da aka cika da kirim da yagaggen cuku. Ita ba a yanka ta a kicin, a ajiye ta ɗungurungum a tsakiyar tumatir, a fasa ta a tebur.

Abin da ya rage bayan an ci ba ya kwana a matsayin kaprese, firij zai kashe tumatir ɗin ya baƙanta ganyen. A juye shi a kan taliya mai zafi a daren, zafin ya narkar da cukun. Romon da ya taru a gindin faranti kuwa, na mai da ruwan tumatir da ɗan farin ruwan madara, mutanen Italiya ba sa bari a kai shi wurin wanke-wanke. Suna gutsurar burodi su share farantin da shi, suna kiran wannan scarpetta, wato ɗan takalmi. Saboda haka a ajiye burodi mai ɗan tauri a gefe tun farko, wanda ba shi da sukari, domin mai zaƙi irin na shayi yana rikita ɗanɗanon romon.